Fijo 504 ɗin Kaduna: daga ina ta fito, wane inji ne a cikinta, kuma a gyara ko a canza?

Wani matashi ne ya turo min tambaya, ya ce mahaifinsu, Allah ya jiƙansa, ya bar musu Fijo 504 salun haɗin Kaduna, ta fi shekara takwas a ajiye a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol, yana so ya tashe ta amma abokai na ce masa ya cire injin ya dasa na Japan. Yana kuma son sanin da gaske ne a Kaduna aka ƙera ta ko dai suna ne kawai.

To ɗana, Allah ya jiƙan baba da rahama, ya sa ya huta. Bari in fara da gajeriyar amsa kafin in shiga dogon zance: kada ka cire injin nan. In bodi da ƙasan motar ba su ruɓe ba, injin 504 shi ne abu mafi sauƙin dawowa da rai a duk jikin motar, don tun daga zane an yi shi ne yadda za a iya buɗe shi a sabunta cikinsa a rufe, a sake buɗewa bayan wasu shekaru. Ni a kan Fijo na koyi aiki tun ina yaron gareji mai wanke sifana da fetur a kwano, kuma har yau in na ji ƙarar 504 ta shigo layi ina gane ta tun ban ɗago kai ba.

Asalin motar Faransa ne. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a watan Satumba na 1968, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya taimaka wajen zana surarta, kuma a 1969 ta ci kyautar motar shekara ta Turai. Ita ce ta gaji 404, duk da an daɗe ana yin su biyun tare. Faransa ta daina yin salun ɗin a 1983, amma motar ta ƙi mutuwa, aka ci gaba da haɗa ta a Ajantina har 1999, a Kenya har 2004, mu kuma nan Kaduna sai wajen 2006 aka tsaya. Ka lissafa ka gani, kusan shekara 38 ana yin mota ɗaya, jimillar da aka yi a duniya ta haura miliyan 3, kuma sama da dubu 400 daga ciki daga masana'antar Kakuri a Kaduna suka fito.

Maganar ko a Kaduna aka ƙera ta, gaskiya a nan sai mu faɗi abin yadda yake. An yi wa kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, rajista a watan Disamba na 1972, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Peugeot ta Faransa da wasu masu hannun jari na gida, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a 1975 a unguwar masana'antu ta Kakuri, 'yan watanni kafin a yi masa juyin mulki. Lokacin kuɗin mai ne, ga ƙarin albashin Udoji ya shigo hannun ma'aikata, gwamnati ta kafa irin waɗannan masana'antu da dama, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Leyland a Ibadan, Anammco a Inugu, ta manyan motocin Fiat a Kano. Abin da ake yi a Kaduna a wancan lokacin haɗawa ne, ana kawo motar a wargaje cikin akwatuna, a yi waldar bodi a nan, a yi fenti a nan, a ɗaura inji da giya da waya da kujeru, a gwada ta a fito da ita. Ba a narka ƙarfen bulo, wato gangar jikin inji, a Kaduna ba, daga Faransa yake zuwa. Kuma wani abu da yaran yanzu ba sa yarda in an faɗa musu, a jirgin sama ake kawo kayan, kamfanin jiragen UTA ne ke ɗauko su daga Lyon ya sauke a filin jirgin Kano, daga nan tireloli su kwasa zuwa Kaduna, saboda a shekarun nan tashar jiragen ruwa ta Legas a cunkushe take jirgi sai ya yi watanni yana jiran layi. Daga baya aka riƙa samun wasu kayan a gida, taya daga Michelin ta Fatakwal da Dunlop ta Legas, batir, gilashi, fenti, soson kujera. To in ka ce min haɗin Kaduna ce na yarda ɗari bisa ɗari, kuma ba ƙaramin abu ba ne, dubban mutane suka ci abinci a wurin nan, da yawan manyan makanikan Fijo na Arewa ko dai sun yi aiki a can ko sun koya a hannun wanda ya yi. A farkon shekarun 1980 lokacin da abin ke ganiyarsa ana fitar da motoci sama da dubu 50 a shekara.

Abin da ya ƙara mata daraja shi ne zamanin mulkin soja na Obasanjo, daga 1976 zuwa 1979, da aka zo da tsarin rage almubazzaranci aka ce manyan jami'an gwamnati su bar Marsandi su shiga 504. Daga nan ta zama motar kwamishina, motar babban sakatare, motar 'yan sanda, motar asibiti, ma'aikaci in ya samu bashin mota ita yake nema. Wagon ɗin kuma ta zama sarauniyar tasha, Kano zuwa Kaduna, Kaduna zuwa Jos, Sakkwato zuwa Illela, Maiduguri zuwa Gamboru, an yi ta ne don mutum bakwai a layi uku amma kowa ya san nawa ake zubawa a tasha, ga buhu a kan rufi. Ba kuma banza ta yi suna a Afirka ba, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 da Ove Andersson a sitiyari, a shekarar ta ci ta Maroko da Hannu Mikkola, sannan Jean-Pierre Nicolas ya sake cin Safari a 1978 da kufe, wato 504 mai ƙofa biyu, mai injin V6.

Faɗuwar masana'antar kuma sananniya ce, ba zan daɗe a kai ba. Kuɗin mai ya karye, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986 naira ta faɗi, kayan da ake sayowa da kuɗin waje suka yi tsada sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, 'yan Kwatano suka cika kasuwa, Ajakuta ba ta ba da ƙarfen da aka yi fata ba, a 2003 gwamnati ta koma bai wa ma'aikata kuɗi maimakon saya musu mota. A 2006 aka sayar da kason gwamnati na PAN ga ASD Motors, a 2012 AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna, ta karɓe saboda bashi. Har yau in na bi ta Kakuri raina yana sosuwa.

Yanzu mu zo kan inji, don nan ne amsarka take.

Injin fetur na 504 iyali ɗaya ne da na 404. Na 404 sunansa XC, girmansa 1618 cc. Aka ƙara masa tsawon tafiyar fistin ya zama XM mai 1796 cc, wato wanda muke ce wa 1.8, faɗin ramin fistin milimita 84 tafiyarsa 81, da shi 504 ta fara fitowa. A 1970 aka faɗaɗa ramin zuwa milimita 88 tafiyar tana nan 81, ya zama XN1 mai 1971 cc, shi ne 2.0, ƙarfinsa wajen doki 93 da kafireta mai maƙogwaro biyu. Waɗannan biyun, 1.8 da 2.0 masu kafireta, su muka fi sani a nan, kuma kusan tabbas ɗayansu ne a motar baba in dai ba a taɓa canzawa ba. In ka buɗe top, wato murfin kan inji, ka auna faɗin silif, bututun da fistin ke gudu a ciki, za ka san wanne ne ba gardama, 84 ko 88. Akwai XN2 mai fesa mai da famfon Kugelfischer, yana ba da doki 104, inji ne mai daɗi amma famfon nan ba kowa ke iya saita shi ba. Akwai na dizal na Indenor, 1948 cc da 2112 cc da 2304 cc, a Najeriya ba su yi yawa ba don fetur na da arha a lokacin, na fi ganinsu a hannun direbobin da ke shigowa daga Maraɗi da Damagaram. V6 mai 2664 cc kuma a kufe da mai buɗaɗɗen rufi kawai aka sa shi daga 1974, ba ruwan salun da shi.

In ka ɗaga bonet abu na farko da za ka lura injin a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45, shi ya sa gaban motar bai yi tudu ba kuma hannunka yana kaiwa ga distributa da kafireta da filtar mai ba tare da ka kwance rabin mota ba. Bulo baƙin ƙarfe ne, top kuma alminiyam. Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, yana ƙasa a cikin bulo, sanduna ne ke tura bawul ta sama, kuma sarƙa ce ke jan sa ba bel ba, to ba maganar bel ya tsinke a hanya bawul su lanƙwashe, sarƙa in ta gaji sai ta yi ta ƙara tana ba ka sanarwa tun da wuri. Kiransha, sandar da fistin ke juyawa, na zaune kan metal biyar, wato beyarin da take juyawa a kai. Fulogi a cikin dogayen bututu suke can ƙasa, sai da doguwar sifanar fulogi, kuma in robar bakin bututun ta mutu baƙin mai yana taruwa a ciki mota ta riƙa shaƙewa, mutane su yi ta zargin kafireta.

Amma babban abin shi ne silif. A yawancin injinan da abokanka ke cewa ka dasa, ramin fistin a jikin bulo yake, in ya cinye sai an kai injiniya an gurza an nemo fistin mai girma, in an gurza sau biyu ko uku bulo ya ƙare. A Fijo kowane fistin yana gudu ne a cikin silif ɗinsa daban, wani bututun ƙarfe da ake zura shi cikin bulo ruwa na zagaye shi kai tsaye. In ya cinye zare shi kake yi da hannu ka sa sabo, silif huɗu fistin huɗu ringi saiti ɗaya metal sabo, inji ya dawo ma'aunin da ya fito da shi daga masana'anta, bulo bai san an yi komai ba. Wannan ne ya sa motar tasha za ta yi shekara ashirin tana Kano-Maiduguri da bulo ɗaya. Kuma da yake irin injin nan aka sa a 505 mai kafireta da kuma J5 ta fetur, kayan ba su ɓace ba, in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka yi haƙuri ka zagaya za ka samu, sai dai ka tafi da wanda ya san na kirki da jabu don ringi da gasket na banza sun yi yawa.

Silif ɗin nan kuma shi ne inda ake kashe injin, a nan nake so ka buɗe kunne. Gindin kowane silif yana zaune ne a kan wani siririn gasket da ke hana ruwa gangarawa cikin baƙin mai, kansa kuma dole ya ɗan ɗara saman bulo da kaɗan, abin da ido ba ya gani sai ma'auni, don in an ɗaure top ya danne shi. Gasket ɗin gindin kauri-kauri ne, da shi ake daidaita tsayin. In bakanike ya kwance top ya ɗaga shi sama kai tsaye, silif na iya biyo shi ya motsa daga mazauninsa. In kuma ya juya kiransha top na buɗe bai danne silif da zoben ƙarfe da ƙusa ba, fistin zai tura shi sama, tsatsa da yashi su shige ƙarƙashi. Za a rufe inji ya tashi lafiya lau, bayan kwana uku ka zaro sandar gwada mai ka ga ya koma kamar shayi da madara. Yadda aka koya mana, a kwance ƙusoshin top a bar ɗaya a sassauce, a ɗan murza top ɗin gefe ya rabu da gasket kafin a ɗaga, nan take a danne silif. Na taɓa karɓar wata wagon da aka canza wa gasket ɗin top sau uku a wata biyu, mai ita har ya fara cigiyar mai saye, da na zare silif na uku sai ga ɓawon tsatsa kamar farcen yaro a mazaunin, muka kankare muka goge da tsumma har yatsa ya daina jin komai, muka auna muka rufe, motar ta yi shekaru tana lodin Zariya ba ta sake haɗa ruwa da mai ba.

Abu na biyu zafi ne. Top alminiyam ne bulo ƙarfe, ba sa buɗewa daidai in sun yi zafi, tafasa ɗaya mai tsanani ta isa ta lanƙwasa top. Kuma ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa a lagireto yana cin alminiyam ta ciki yana tara tsatsa a gindin silif. Ka sa ruwan lagireto na gaske mai launi, kuɗinsa bai kai na gasket ba. Fankar asali mai maganaɗisu ce, tana kamawa in zafi ya kai ta saki in ya sauka, akwai ɗan gawayi da ke kai mata wuta wanda ke cinyewa, da yawa a nan an ɗaure ta tana juyawa kullum, ban ga laifin wannan sosai ba a zafin Afrilu. Wanda ban yarda da shi ba shi ne cire tamostat, abin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, a jefar, inji ya daɗe bai ɗumama ba da asuba lokacin hunturu yana shan mai yana wanke silif da fetur.

Motar da ta yi shekara takwas a tsaye kada ka kawo batir ka buga mata kik. Cire fulogi huɗun, zuba ɗan baƙin mai gauraye da kananzir a kowane rami, ka bar ta kwana biyu ko uku, sannan ka sa sifana a kan fulin kiransha ka gwada juyawa a hankali. In ya zagaya sumul alhamdu lillahi. Zubar da tsohon baƙin mai, wajen lita huɗu yake ci, sa sabuwar filta. Sauke tanki a wanke don tsohon fetur ya zama danƙo, canza duk robobin mai da na ruwa ko da sun yi maka kyau a ido, a kwance kafireta a wanke a hura, Solex ce galibi kuma ba ta da wuya. Kwantak set a bar masa tazarar milimita 0.40, bawul a saita su inji na sanyi, na shiga 0.10 na fita 0.25. Jerin wuta 1-3-4-2 ne, amma ka kula, Faransawa daga baya suke ƙirga silinda, lamba ɗaya ita ce ta kusa da giyabos ba ta kusa da lagireto ba, yara da suka koya a kan motar Japan nan suke rikicewa su jera waya a juye. In ta tashi a gwada matsin kowane silinda, in huɗun sun yi kusa da juna kuma ba shuɗin hayaƙi, kada ka bari a buɗe injin ma sam. In kuma an buɗe top an sa sabon gasket, bayan kilomita 1,000 a koma a sake ɗaure ƙusoshin a sake saita bawul, wannan ƙa'idar tsohuwar Fijo ce kuma tsallake ta ne ke sa gasket ya ƙone da wuri.

Dalilin da ya sa nake hana ka dashen inji bai tsaya kan ƙauna ba. Furofelar 504 ba a fili take ba kamar ta sauran motoci, a cikin wani dogon bututun ƙarfe take wanda ya haɗe bayan giyabos da aksul na baya, inji da giya da bututu da aksul duk sun zama kamar ƙashin baya ɗaya, wannan na cikin abin da ya sa take jure ramuka da lodi. In ka kawo injin wata mota, ko dai a ƙera faranti a haɗa shi da giyabos ɗin Fijo, in saitin ya kauce da kaɗan kulochi da beyarin ba za su daɗe ba, ko kuma a kawo shi da giyarsa a yanke bututun nan a yi walda, daga ranar motar ta rabu da lafiyarta, rawa a gudu, ƙugi a baya. Ga injin Japan a tsaye yake, wani sai an taɓa bonet ko kwanon mai ya sauko ƙasa inda dutse zai same shi. Na ga waɗanda aka yi da kyau suna aiki, ban musa ba, direban haya da ke lissafin kowace lita yana da hujjarsa, don gaskiya 504 tana shan mai fiye da ƙananan motocin yanzu. Amma kai ba lodin tasha za ka yi ba, kuma duk mai neman 504 yanzu da kuɗi a hannu abin da yake fara tambaya shi ne injinta na asali ne. In ma bulon ya tsage, ka nemi wani 2.0 na 504 ko na 505 mai kafireta, zai zauna a mazauninsa.

Inda kuɗinka zai fi tafiya ni a ganina ƙasa ne. Tamfol yana tara raɓa, to ka ɗaga kafet ka danna ƙasan da sukundireba, wajen ƙafar direba da na mai zaman banza, ƙarƙashin batir, cikin but, gindin ƙofofi, da saman da shokazoba na gaba ke ɗaurewa. Sannan ka kwanta ka leƙa baya, 504 iri biyu ce, akwai mai ƙafafun baya kowace da kanta da ƙananan shaf biyu da birkin faranti, akwai mai doguwar aksul guda, wagon ma sifirin huɗu gare ta a baya biyu kowane gefe, fikof kuma sifirin ganye. Ka san wacce ce taka kafin ka je kasuwa don kayan ba sa shiga juna. Birki kuwa kada ka yi ciniki da shi, man birki na shekara takwas ya sha ruwa, a canza robobin masta da na ƙafafu da na kulochi gaba ɗaya, tayu ma ko zanensu bai goge ba sun bushe.

Ka nemi dattijon bakanike na Fijo, wanda in ka ce masa tsayin silif zai ɗauko ma'auni ba zai ce maka a bar wa ido ba, kuma ka zauna a wurin ranar da za a buɗe. Ka ɗauko min hoton cikin bonet ta gefen kafireta, da hoton ƙasan baya, da ɗan farantin lamba da ke manne a cikin ɗakin inji, sai in gaya maka wane inji ne da jerin kayan da za ka fara saya.